Yadda za ka tantance tushen halinka na Kirista

Ɗan'uwa, idan aka ce maka "Kirista ba ya yin kaza", fara da tambayar inda aka rubuta. Buɗe Littafi Mai Tsarki da kanka. Tun 1932 muke da shi cikakke da Hausa. Karanta Dokoki Goma a Fitowa 20, sannan koyarwar Yesu a kan dutse, Matiyu 5 zuwa 7. Surorin gaba ɗaya nake nufi, domin ayar da aka gutsuro a WhatsApp takan ɓatar da mutum.

Maganar fasto ma a auna ta da Littafi Mai Tsarki, cikin ladabi. Haka mutanen garin Biriya suka yi wa manzo Bulus a Ayyukan Manzanni 17, aka kuwa yaba musu.

Al'ada sai a tankaɗe ta. Durƙusa wa manya, riƙe shi da kyau. Amma ni mai awon hatsi ce a kasuwar Terminus nan Jos, na ga masu bubbuge gindin mudu ya lotsa ciki, suna cewa kowa haka yake yi, wasunsu ma 'yan zumuntar coci ne. Karin Magana 11:1 ta kira ma'aunin zamba abin ƙyama ga Ubangiji.

Abin da ya shige maka duhu, yi addu'a, ka kai shi nazarin Littafi na tsakiyar mako.