Ruwan Zafi Ya Ɗauke Bayan An Sa Sabon Tamostat: Kurakuran da Aka Fi Yi da Boilar Kombi

Ranar da ruwan shawa ya huce wa mutum yana tsakiyar wanka, ga kumfa a kai ga sanyin hunturu, abin da aka sauya kwanan nan a gidan shi ke ɗaukar laifi. In an liƙa sabon tamostat, wato na'urar da ke daidaita ɗumin ɗaki, mai aiki da intanet a bango, irin su Hive ko Nest ko Tado, nan take za a ɗauki waya a shiga manhaja ana danne-danne, a cire batir a mayar, a kashe intanet a kunna. Galibi an bar jaki ne ana dukan taiki.

Boilar kombi, wato tukunyar gas da ke ɗumama ɗakuna da ruwan famfo duka biyu, ba ta da tankin da take tara ruwan zafi. Sai ka buɗe famfo wani ɗan firikwensin da ke cikinta ya ji ruwa na gudu, wuta ta kama, wani bawul ya karkatar da zafin daga lagireton ɗakuna, ƙarafan bango da ruwan zafi ke bi ta ciki su ɗumama ɗaki, zuwa ruwan famfo. Ka rufe, bawul ya koma. Duk wannan a cikin boilar yake faruwa, ba ta neman izinin kowa. Tamostat ɗin da aka haɗa ta hanyar da aka saba makunni ne kawai: ya ce a ɗumama ɗaki, ko ya ce a dakata. Ko ka ciro shi daga bango ka jefa a aljihun tebur, ruwan famfo zai yi zafi. Wanda ya riƙe wannan ya rage wa kansa rabin wahala.

Kuskure na farko tun wajen saye da saiti ake yin sa. Manhaja za ta tambaya ko gidan yana da tankin ruwan zafi, mutum ya ce e, don yana da ruwan zafi. Sai jadawali ya fito, ya zauna ya tsara: ƙarfe 6 zuwa 8 na safe, ƙarfe 7 zuwa 9 na dare. Jadawalin nan ba abin da yake juyawa, don babu tankin da za a ɗumama. Hive ma kala biyu ake sayar da ɗan akwatinsa da ake maƙalawa kusa da boila, mai hanya ɗaya na kombi, mai hanya biyu na masu tanki. Gyaran shi ne a koma saiti a zaɓi kombi. A duba kuma tsohon agogon da ke jikin boilar: in ba a bar shi a kunne dindindin ba, zai riƙa yanke ɗumin ɗaki ko da tamostat na kira.

Akwai inda tamostat ke da hannu da gaske, kuma a nan ya kamata a tsaya. Wasu boiloli suna magana da tamostat ta wani tsari da ake kira OpenTherm, wayoyi biyu ne marasa ƙarfin wuta. Maimakon "kunna, kashe", tamostat ɗin yana gaya wa boila ta rage wuta ko ta ƙara daidai buƙata. Abu ne mai kyau, yana rage shan gas, kuma ni shi nake ba kowa shawara in boilarsa ta yarda. Amma da zarar an haɗa su haka, a boiloli da yawa maɓallin zafin ruwa na gaban boila ya daina aiki, iko ya koma manhaja. Na tsaya a gaban irin wannan boilar ina murɗa maɓalli har ƙarshe, lambar da ke kan allo ba ta motsa ba, ruwa kuma ɗumi-ɗumi kamar wanda aka bari a rana. Ashe zafin yana can ƙasa a wani shafi na manhaja da ban taɓa buɗewa ba. Da na ɗaga shi zuwa digiri 50, kafin in cika kofi tururi ya fara tashi. Tsakanin 50 da 55 ya ishi yawancin gidaje. Digiri 60 da ake yawan ambata na masu tanki ne, saboda ƙwayar cutar Legionella da ke hayayyafa a ruwan da ya kwanta.

Ba kowace boila ke jin OpenTherm ba. Vaillant na da nata tsarin, eBUS, Worcester Bosch na da EMS. A karanta littafin boilar kafin a kashe kuɗi. Kada kuma a kuskura a haɗa wayar wuta mai bolt 230 a gurbin waɗannan ƙananan wayoyin. Allon lantarkin boilar ne zai ƙone, daga nan babu ɗumi babu ruwan zafi.

Wani abin da ake ɗora wa tamostat alhali lokacin shekara ne ya jawo shi: ruwan da ya ishi wanka a watan Yuli ya kasa a Janairu. Boila mai kilowat 24 tana iya ƙara wa kusan lita 10 a minti ɗaya zafin digiri 35, mai kilowat 30 kuma kusan lita 12. Da bazara ruwan da ke shigowa daga waje yana iya kai digiri 15 ko fiye, ka ƙara 35 ka samu 50. Da hunturu yakan sauka kusa da 5, sai ka tashi da 40. Mutane kuwa da hunturu suke sayen tamostat, shi ya sa abubuwan biyu ke haɗuwa. Ɗauki bokiti mai awo, buɗe famfon zafi duka, duba agogo minti ɗaya. In ruwan ya wuce abin da boilarka ke iya ɗauka, rage famfon kaɗan, za ka ji zafin ya ƙaru a hannunka. Kada dai ka rage ya zama ɗigo, don ƙasa da lita 2 zuwa 3 a minti yawancinsu ba sa kamawa. In kuma wani ya buɗe famfon kicin kana wanka, ruwan nan ɗaya kuke rabawa.

Jinkirin zuwan ruwan zafi sau da yawa daga maɓallin Eco ne. A yanayin Comfort boila kan kama lokaci-lokaci don ta riƙe ɗan ruwa da ɗumi, har wasu su ji motsinta da tsakar dare su ɗauka tamostat ne ya rikice. A Eco ba ta yin haka, sai dai ka ɗan jira.

To, in ruwa ba ya zafi sai an kunna ɗumin ɗaki fa? Wannan shi ya fi ruɗa mutane, don kuwa da ka taɓa manhaja sai ruwa ya gyaru, ka rantse tamostat ne. Bawul ɗin karkatarwa ne ya maƙale. Gwada haka: kashe ɗumin ɗaki, bari bututu su huce, buɗe famfon zafi na minti biyu ko uku, sannan ka dafa bututun da ke fita zuwa lagireto a ƙasan boila. In ya yi zafi, zafin da ya kamata ya je famfo yana zurarewa ɗakuna. Ruwan da ke zafi ya huce, ya sake zafi ya huce, shi kuma yawanci alli ne ya toshe farantan cikin boila da ke ɗumama ruwa, irin farin ɓawon nan da ke taruwa a gindin butar lantarki. Kudanci da gabashin Ingila, har da Landan, sun fi fama da shi saboda ruwansu mai alli ne. Kafin ka yanke hukunci, gwada famfon kicin. In shi lafiya lau yake, shawa kaɗai ke wasa, to matsalar tana cikin kan shawar da ke gauraya zafi da sanyi, boila ba ta da laifi.

Duba geji ma, wato ma'aunin matsin ruwa da ke jikin boila, kafin ka kira kowa. In boila ta huce, allurar ta tsaya tsakanin 1 da 1.5. In ta faɗi sosai boila na iya ƙin tashi gaba ɗaya, sai a ƙara ruwa ta ɗan bututun cikawa kamar yadda littafinta ya nuna. In kullum sai ka ƙara, akwai inda yake yoyo.

Iyakar abin da mai gida zai taɓa ke nan: manhaja, maɓallan gaba, geji, famfo. Cire murfin boila don sauya bawul ko wanke farantai aikin injiniyan gas ne mai lasisi. A Birtaniya sai wanda ke cikin rajistar Gas Safe, wadda ta maye gurbin tsohuwar rajistar CORGI a 2009, kuma kana da damar ka ce ya nuna maka katinsa tun a bakin ƙofa. Kafin ya iso, rubuta lambar da allon boila ya nuna, lita nawa bokitin ya kama, da ko bututun lagireto ya yi zafi lokacin da famfo ke buɗe. Gaya masa kuma ta wace hanya aka haɗa tamostat ɗin, don ya san ko zai fara da manhajar wayarka ne ko da sukudireba.