Yadda Kirista zai auna batun kashe ƙwari kafin ya ɗauki maganin feshi

A unguwannin zango na Kumasi, irin su Aboabo da Asawase, inda Kiristoci 'yan arewacin Ghana suke zaman gidan haya ɗaya da maƙwabtansu Musulmi kuma Hausa ce take haɗa su, yara da sababbin tuba sukan tambayi ko wanda ya murƙushe sauro ko ya taka kyankyaso ya karya dokar Allah. Bai karya ba, sai dai amsar ba ta ƙare a nan ba, domin akwai dalili da hanya da gwargwado da ya kamata mai bi ya auna tun kafin ya ɗaga hannu.

Matakin farko shi ne a karanta dokar a muhallinta. Umarnin da ke Fitowa 20:13 ya hana kisankai ne, wato ɗaukar ran ɗan Adam. A Farawa sura ta 9, Allah ya ba Nuhu duk abin da ke motsi ya zama abincinsa a aya ta 3, sannan a aya ta 6 ya tsananta hukunci a kan mai zubar da jinin mutum, saboda an halicci mutum cikin siffar Allah. Shari'ar Musa da ta hana kisankai ita ce kuma ta halatta cin fara a Littafin Firistoci 11:22, kuma Matiyu 3:4 ya shaida cewa fara da zuman jeji ne abincin Yahaya Mai Baftisma. Agustin, bishop na Hippo a arewacin Afirka da ya rasu a shekarar 430, shi ma ya bayyana cewa umarnin bai shafi tsirrai da dabbobi marasa hankali ba.

Bayan wannan, sai mutum ya tambayi kansa abin da ya sa zai kashe. Macen sauron anofilis ce take ɗaukar ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, cutar da ta fi yi wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 da mata masu juna biyu illa, har ta sa Ghana ta shiga sahun Kenya da Malawi wajen fara ba yara rigakafin a 2019. Ƙuda yana tashi daga kwata ya sauka a kan tuwo, kuɗin cizo yana hana barci, gara tana cinye katakon rufi, ƙwarin hatsi kuma suna mayar da buhun masara gari. Maigidan da ya bar waɗannan suka addabi iyalinsa da sunan tausayi ya manta da gargaɗin 1 Timoti 5:8 game da wanda ba ya kula da mutanen gidansa. Amma yaron da ya kama fara yana fige mata fikafikai ɗaya bayan ɗaya don ya ga yadda take mutsu-mutsu, wannan a tsawata masa, domin Karin Magana 12:10 ta ce adali yana kula da ran dabbarsa, kuma littafin koyarwar Cocin Katolika na 1992, a sakin layi na 2418, ya ce sa dabbobi su wahala ko su mutu ba gaira ba dalili ya saɓa wa mutuncin ɗan Adam.

Na uku, a bambance mai cutarwa da mai amfani. Wasu ƙananan ƙudaje da ido da ƙyar yake ganinsu ne suke yi wa furen koko barbara, don haka manomin ƙasar Asante da ya yi feshi ba bisa ƙa'ida ba yana rage amfanin gonarsa da hannunsa. Idan ƙudan zuma suka yi sheƙa a jikin gini, a nemo mai kiwon zuma ya kwashe su maimakon a cinna musu wuta, tururuwar da ke bin hanyarta a bayan gida kuwa a ƙyale ta.

Wanda lamirinsa bai ba shi ya kashe ba, ya fi son ya share ƙwaron ya fitar waje, kada a yi masa dariya, shi ma kada ya hukunta ɗan'uwansa, kamar yadda Romawa sura ta 14 ta koyar. Taka ƙwaro cikin rashin sani kuma ba abin kaiwa gaban fasto ko limamin Cocin Katolika ba ne.

Inda zunubi ya fi kusa, a ganina, shi ne hanyar da ake bi, kuma nan ne mutane suka fi sakaci. A fara da hana ƙwarin samun wurin zama: kafin ruwan watan Afrilu ya kankama, a kifar da gwangwanaye da tsofaffin tayoyi, a rufe duro da randa, a haɗu da maƙwabta a yashe kwata, tunda sauro a ruwan da ya kwanta yake ƙyanƙyasa. A kwana cikin gidan sauro mai magani, a sa raga a taga. Kuɗin cizo kuwa, a fitar da katifa rana, a wanke zannuwa da ruwan zafi, a zuba tafasasshen ruwa a mahaɗar katakon gado inda suke ɓuya.

Idan duk wannan bai wadatar ba, sai a sayi maganin da Hukumar Kare Muhalli ta Ghana ta yi wa rajista, wanda yake ɗauke da takardar bayani, a guji wanda ake ɗurawa a kwalbar ruwa ba suna ba bayani komai arharsa. Ƙwayoyin da ake sawa a rumbun hatsi, waɗanda suke fitar da iskar guba da zarar sun sha danshi, kada a kuskura a ajiye su a ɗakin kwana. A 2018 yara 3 'yan gida ɗaya suka rasu a Accra bayan an yi amfani da irinsu don kashe ƙwari. A gidan haya, inda ɗakuna suke jere ƙarƙashin rufi ɗaya kuma iska take ratsa saman bango, wajibi ne a sanar da maƙwabta kafin a yi feshi, musamman mai jego da mai ciwon asma, domin Romawa 13:10 ta ce ƙauna ba ta cutar da maƙwabci. A rufe abinci da ruwan sha, a fitar da yara da kaji, kada a koma ɗakin sai an buɗe ƙofa da taga iska ta ratsa na tsawon lokacin da takardar ta faɗa. Idan wani ya fara amai ko jiri ko numfashi ya gagare shi, a fitar da shi fili nan take, kada a tsaya ba shi manja ko madara, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar maganin domin likita ya san irin gubar da ya shaƙa.