Yadda ake bin yaƙin basasar Sin a kan taswira

Mai son gane wannan yaƙi, ko koyar da shi, ya tanadi taswirar ƙasar Sin guda uku marasa rubutu da alƙalami kala biyu, ja na 'yan kwaminis, shuɗi na jam'iyyar Kuomintang mai riƙe da gwamnati. Kafin komai, a zana Kogin Yangtze, da layin dogon da ya tashi daga Beijing zuwa Shenyang, da wanda ya sauko daga Tianjin ta Xuzhou ya nufi Nanjing. Idan babu waɗannan layuka, rabin abin da ya faru ba zai fito ba.

Taswirar farko ta 1927 zuwa 1936 ce. A sa alama a Shanghai, inda Chiang Kai-shek, jagoran Kuomintang, ya far wa 'yan kwaminis a Afrilun 1927, sai Nanchang, inda suka yi bore ranar 1 ga Agusta. A kewaye Ruijin da ke lardin Jiangxi, cibiyar 'yan kwaminis a lokacin. Sau biyar aka kai musu farmaki a can, na biyar ne ya ci su, domin an riƙa gina ƙananan ganuwoyi ana matse su sannu a hankali. Daga nan a ja layin Doguwar Tafiya, wato janyewar 'yan kwaminis daga Jiangxi: mutum wajen 86,000 suka tashi a Oktoban 1934, suka bi ta Zunyi, waɗanda suka isa Shaanxi bayan shekara guda ba su kai 10,000 ba. A rufe da Xi'an, inda Zhang Xueliang, wani janar na ɓangaren gwamnati, ya tsare Chiang a Disamban 1936 don ya tilasta masa fuskantar Japan.

Ta biyu, 1937 zuwa 1945, shekarun yaƙi da Japan, ba sai an daɗe a kanta ba. A ɗiga ja a ƙauyukan arewa da ke bayan sojojin Japan, a nuna Chongqing inda gwamnati ta koma.

Ta uku, daga 1945 zuwa 1950, ita ce mai aiki, kuma nan aka fi yin kuskure. Mutane kan shafe lardi guda da kala ɗaya, sai a ga kamar Kuomintang na da rinjaye har 1947, musamman da suka kama Yan'an, hedikwatar 'yan kwaminis, a watan Maris na shekarar. Kada a yi haka. A sa shuɗi a birane da kan layin dogo kawai, a bar karkara ja. Nan take za a ga birane sun zama tamkar tsibirai, abinci da harsashi sai ta jirgin ƙasa ko na sama.

Daga nan a bi manyan gwabzawa uku a jere. A Manchuria, daga Satumba zuwa Nuwamban 1948, a fara da Jinzhou, ba Shenyang ba. Jinzhou ce ƙofar fita zuwa kudu, da Lin Biao, kwamandan 'yan kwaminis, ya toshe ta sai Changchun da Shenyang suka faɗi. Gwabzawar Huaihai, daga Nuwamba zuwa Janairun 1949, a kewayen Xuzhou aka yi ta, mahaɗar layin dogo biyu, kuma a ganinmu ita ta karya ƙashin bayan rundunar Chiang. A arewa kuwa 'yan kwaminis sun ci Tianjin da yaƙi, kwamandan Kuomintang Fu Zuoyi ya miƙa Beijing ba tare da faɗa ba.

A gefen takarda a rubuta Agustan 1948, lokacin da gwamnati ta fito da sabon kuɗi ya lalace cikin 'yan watanni. Taswira ba ta nuna tsadar rayuwa, amma tsadar ce ta raba Kuomintang da mutanen birni.

Wani tarkon shi ne tsofaffin taswirori: Mukden ita ce Shenyang, Peiping ita ce Beijing, kada a ɗiga su sau biyu. Sauran kibau kaɗan ne: ƙetare Yangtze da faɗuwar Nanjing a Afrilun 1949, shelar kafa Jamhuriyar Jama'ar Sin da Mao Zedong, jagoran 'yan kwaminis, ya yi ranar 1 ga Oktoba, komawar gwamnatin Kuomintang Taipei da ke tsibirin Taiwan a Disamba, sai faɗuwar tsibirin Hainan a 1950. Tsibirin Kinmen a bar shi shuɗi, harin da aka kai masa a Oktoban 1949 bai yi nasara ba.