Darasi na 12: Amsa laifi don a sassauta maka

A Kasuwar Dole, mai kaya yakan yi ragi don ya sallami hajarsa kafin magariba. To, a wasu ƙasashe har a shari'a ana irin wannan ciniki. Mai shigar da ƙara na gwamnati, wanda muke kira furokira, sai ya ce wa wanda ake tuhuma: "Ka amsa laifinka, ni kuma in nemi a sassauta maka."

Ba tausayi ne ya kawo haka ba. Ƙararraki sun yi masa tsibi a tebur, alƙalai kuma ba su da yawa. A ce an kama wani yaro da babur na sata. Mutum ɗaya ne ya gan shi, cikin dare, shi ma ya tafi cirani Agadas. In aka je gaban alƙali, sai a yi ta ɗage zama, ƙarshe yaron ya fita fes. Da babu gara ba daɗi: ya amsa, a yanke masa ɗan wa'adi, mai babur ya karɓi abinsa. Wani lokaci ma ba yaron ake so ba, mai sayen baburan ake hari, sai a rage masa in ya tona shi.

A Amurka, fiye da 90 cikin 100 na waɗanda ake yanke wa hukunci ta amsa laifi ne. Faransa ta kawo tsarin a 2004, amma ban da manyan laifuka irin kisan kai. Can dole lauya ya kasance a wurin, mutum na iya neman kwana 10 ya yi shawara, kuma sai alƙali ya amince. Nijeriya ta sa shi a dokarta ta 2015. Tun kafin nan, a 2005, tsohon shugaban ƴan sandanta Tafa Balogun ya amsa laifi a shari'ar kuɗi, aka ba shi wata 6. Talakawa sun yi ta guna-guni, kuma da gaskiyarsu.

Ga inda gizo ke saƙa: marar laifi da ya gaji da zaman gidan kaso yana iya amsa abin da bai yi ba, don kawai ya koma gida. Sunansa ya ɓaci ke nan. Ku masu fatauci zuwa Kano, kada ku dangwala yatsa a takardar da ba a karanta muku ba. Ku nemi lauya, ku ce a fassara muku da Hausa.

Aiki: Rubuta dalili biyu da ke sa furokira ya yi ragi.