Kurakuran da ke hana kwastoma yarda da mai turo kayan gona daga Jos

Masu sana'a da yawa a Jos sun daina jiran mai saye ya tako zuwa kasuwar Farin Gada. Hoton dankalin turawa, kabeji, karas ko strawberry suke sawa a WhatsApp da Instagram, wata Hajiya a Gwarinpa ta gani ta turo kuɗi, a ɗora kaya a mota su bi ta Akwanga da Keffi su sauka Abuja. Mai sayen nan ba ta taɓa kayan ba, ba ta san fuskar mai su ba. Maganarsa kawai ta saya, kuma a wurin maganar ake yawan yin ɓarna.

Abin da aka fi yi shi ne yabon kaya da bakin kowa: "masu inganci, sabbi fil, farashi da rahusa." Mai kayan kirki da mai ruɓaɓɓu duk haka suke rubutawa, to da me Hajiya za ta bambance su? Faɗi abin da ka sani wanda ita ba ta sani ba. Dankalin nan na Bokkos ne ko na Mangu? Na damina ne, mai ruwa a jiki da saurin lalacewa, ko na noman rani da ya fi jure ajiya? Gaya mata ta zazzage shi daga buhu, ta shanya a wuri mai duhu da iska, domin haske ne ke sa bayansa ya yi kore ya yi ɗaci, kuma wanda ya yi koren a yanke wurin ko a zubar. Idan strawberry ne, sanar da ita cewa ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi, kada ta wanke sai za a ci, kuma ta sa shi a firji da isarsa. Wasu na tsoron idan suka koyar da kwastoma zai tafi da ilimin wurin wani. Ni dai ban yarda da wannan tsoron ba. Mutum yakan koma wurin wanda ya hana kuɗinsa salwanta.

Sai tsohuwar ɗabi'ar saman kwando, wadda yanzu ta koma cikin waya. A tsince manyan tumatir goma a ɗauki hotonsu, ko ma a ɗauko hoton wani daga intanet, abin da ya isa Abuja kuma daban. Wannan algus ne. Hadisin da Muslim ya ruwaito sananne ne: Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tsibin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani. Gyaran ba shi da wuya. Juye buhun a kan tabarma, ka ɗauki ɗan bidiyo, manya da ƙanana duk su fito, ka ce: "Hajiya, ga naki nan, akwai ƙanana a ciki, shi ya sa na rage miki kuɗi."

Wajen ba da labari kuwa, wasu ba sa bayarwa sam, wasu kuma kullum kukan wahalar kasuwa da tsadar mota suke yi. Mai saye tana iya tausaya maka, amma tausayi ba ya sa ta sake turo kuɗi. Labarin da ke aiki shi ne na kayan kansu: da asuba ka je gona, ga manomin da ka saba saye a hannunsa, ga dalilin da ya sa ka ƙi ɗaukar kabejin wannan makon saboda tsutsa ta huda shi. Kada ka ƙirƙiro labari, kada ka rubuta wa kanka yabo ka ce kwastoma ce ta turo. Yabon gaskiya ma sai ka nemi izinin mai shi, ka rufe sunanta da lambarta kafin ka wallafa.

Ɓoye farashi da cewa "a yi min magana ta waya" yana sa mutum zargin kowa da kuɗin da ake yanka masa. Rubuta kuɗin buhu ko kwando, da kuɗin mota, da ranar da farashin ya tsaya a haka.

Masu sayar da acha da zuma su kiyaye harshensu. Ka ce acha abinci ne mai kyau, ka koya yadda ake wanke yashinta da yadda ake gwate da ita. Cewa tana warkar da ciwon sukari ya wuce saninka, kuma yana iya sa mara lafiya ya ajiye maganinsa. Tallan magani a ƙasar nan sai da amincewar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna.

Wanda ya fi min ciwo shi ne shiru bayan kuɗi sun shiga. Mota takan lalace a hanya, zafin Abuja ba sanyin Jos ba ne, kaya sukan isa da rauni. Tun kafin a biya ku yi magana a kan wanda zai ɗauki asara idan haka ta faru. Tura lambar direba da lokacin da motar ta tashi. Idan hoton ruɓaɓɓen tumatir ya shigo wayarka, kira ta a ranar, ka ji yawan abin da ya lalace, sannan ka mayar da kuɗinsa ko ka cike mata a kaya na gaba.