Darasi Na 9: Bayar Da Ɗaki Ko Shago Haya

A da ba a san hayar ɗaki a ƙauyukanmu ba. Idan baƙo ya zo, akan kai shi wurin mai unguwa ko dagaci a sama masa masauki. Yanzu gwamnati na turo malaman makaranta da ma'aikatan asibiti, ga kuma masu yi wa ƙasa hidima da kan yi shekara ɗaya su tafi. A garuruwan da ke da manyan makarantu, irin su Wudil, Bichi, Kazaure, Gumel da Kafin Hausa, ɗalibai kan bi unguwanni suna cigiyar ɗaki. A gari mai babbar kasuwa kamar Maigatari kuwa, shago da ɗakin ajiya ake nema. Da haka manomin da ya gina ɗaki biyu ko uku a bakin titi ya wayi gari yana da 'yan haya.

Kafin ka miƙa makulli

Ka san wanda za ka ba. Mece ce sana'arsa? Daga ina ya fito? Shi kaɗai ne ko da iyali? Wa ya san shi a garin? Ka kai shi gaban mai unguwa ya gan shi. Idan gwauro ne kuma akwai matan aure a gidan, ba shi ɗakin da ƙofarsa ke waje. Idan dillali ne ya kawo shi, a daddale la'adarsa tun a ranar, a san mai biya.

A rubuta

Abin da ya fi ɓata haya a ƙauye kunya ce. Mai gida na jin nauyin ya ce wa malamin da ke koyar da 'ya'yansa ya sa hannu a takarda. Sai a tsaya kan "ai babu komai, Allah ya bar zumunci." Bayan wata takwas a fara musu: wannan ya ce da azumi aka shiga, wancan ya ce sai bayan sallah. Duk cikinsu babu maƙaryaci, mantuwa ce.

Neman rubutu ba rashin yarda ba ne. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, umarni ce da a rubuta bashi kuma a kafa shaidu. Malaman fiƙihu ma sun shardanta cewa a ijara, wato haya, dole kuɗin ya zama sananne, lokacin ma sananne. Ga yadda wani mai gida ya buɗe zancen ba tare da an ji kunya ba:

"Malam, ga ɗakin ka gani. Amma ni tsufa ya fara kama ni, mu rubuta don 'yan baya."

"Wallahi Baba ka kyauta. Nawa ne a wata?"

"Dubu biyar. Kana biya in albashi ya shigo, kada ya wuce biyar ga wata."

"Na yarda. Wuta fa, Baba?"

"Ku uku ne a kan mita, ku raba. Yashe masai kuwa a kaina yake."

Takardar ba ta bukatar dogon Turanci. Da Hausa za a rubuta, boko ko ajami, kamar haka:

Ni ........ na ba ........ hayar ɗaki ɗaya a gidana da ke unguwar ........, daga ranar ........ zuwa ranar ........, a kan naira ........ duk wata. Ɗakin yana da ƙofa ɗaya, taga ɗaya da makulli biyu, duk lafiyarsu ƙalau. Ba zai sa wani a ɗakin ba sai da izinina.

A ƙasa mai gida da ɗan haya su sa hannu, shaidu biyu su sa nasu. Wanda bai iya sa hannu ba tukuna ya dangwala yatsa. A yi kwafi biyu, kowa ya riƙe ɗaya, a sa a leda saboda ruwa da gara.

A kula da wata irin rigima da kan taso daga lissafin wata. Shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355, ta bature 365 ce ko 366, tsakaninsu kusan kwana 11. Mai gida na ƙirga daga Muharram, ma'aikaci na ƙirga daga Janairu. Ku zaɓi ɗaya ku rubuta. Ma'aikaci ya fi jin daɗin watan bature domin da shi ake biyansa. Wanda noma ne abin dogaronsa, a bar masa biya sau ɗaya da kaka.

Littafin haya

Sayi littafi mai layi, kowane ɗan haya da shafinsa. Duk ranar da aka biya, rubuta kwanan wata, adadin kuɗi, watan da aka biya wa, da abin da ya rage. Ka ba shi rasit, ko da a 'yar takarda ce. Idan ta waya ya turo kuɗin, kada ka dogara da hoton da ya nuna maka a tasa wayar. Jira saƙon banki ya shigo taka, sannan ka rubuta. Kuma mutum ɗaya ne zai riƙa karɓa. Idan yau uwargida ta karɓa, gobe babban ɗa, jibi kai, lissafi zai rikice.

Gyara

Kuɗin haya ba duka ba ne na cefane. Ware na wata ɗaya ko biyu a shekara don gyara. Kafin ruwan farko ka hau ka duba kwano da ƙusoshi, ka share indararo, ka yi yaɓe idan ginin ƙasa ne, ka buɗe magudanar ruwa. Mutanen bakin kogin Haɗeja da suka ga ambaliyar 2022 sun san abin da ruwa ke yi wa gindin katanga. Rufi, katanga, rijiya da masai na mai gida ne. Ƙwan lantarki, shara da duk abin da ɗan haya ya fasa da hannunsa nasa ne. Idan gidan na da wutar KEDCO, ka riƙa ganin takardar biya da idonka, domin bashin wuta a kan gida yake zama bayan ɗan haya ya tashi.

Idan biya ya gagara

Fara da magana cikin sirri, ba a majalisa ba. Albashi kan makara, damina kan ba da baya, wani ciwo ne ya cinye masa kuɗi. Idan mai biya ne a da, a yanka masa lokaci, a rubuta. In ya saɓa, a kira shaidun nan biyu. In abin ya faskara, sai mai unguwa, sai dagaci.

Akwai abin da ba a yi ko da bashin ya kai na shekara: kwashe kwanon ɗaki, cire ƙofa, watso kaya waje, ko garƙame ɗaki da kayan mutum a ciki. Mai yin haka ya karya doka, kuma yana iya komawa shi ne mai biyan diyya. Kotu kaɗai ke da ikon fitar da ɗan haya da ƙarfi. Hanyar ita ce a ba shi notis a rubuce. Idan ba ku ajiye wani wa'adi a takardarku ba, abin da aka fi bi a kotunan ƙasar nan shi ne wata ɗaya ga mai biyan wata-wata, wata shida ga mai biyan shekara. Wa'adi ya cika bai tashi ba, a ƙara masa takardar kwana 7, sannan a shigar da ƙara. Kafin ka rubuta notis, je ka tambayi magatakardar kotun da ke kusa da kai yadda ake tsara shi, domin kuskuren kwanan wata kan sa a sake daga farko.

Ƙarin kuɗin haya ma a sanar da shi tun da sauran watanni, kuma a jira wa'adin da ake ciki ya ƙare.

Aiki

1. Ɗaki naira 5,000 ne a wata. Ɗan haya ya zauna wata 7, ya biya naira 22,000. Nawa ake bin sa?
2. Kuɗin wuta ya zo naira 6,000, ɗakuna 3 ne a kan mita. Nawa kowa zai biya?
3. Kwafi takardar da ke sama a littafinka, ka cike gurabenta da sunanka da na abokin karatunka, ku kawo wa malami a zama na gaba.