Yadda Ake Bin Maganar Ƙari a Ƙwaƙwalwa Daga Hoto Zuwa Magani

Ƙoƙon kai ƙashi ne rufaffe, ba ya buɗawa. Duk abin da ya tsiro a cikinsa, na daji ne ko ba na daji ba, wurin ƙwaƙwalwa yake ci. Don haka idan likita ya ce an ga ƙari, abu uku za ka nemi sani: a ina yake, wane iri ne, kuma yaya saurin girmansa. Girman ƙari shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Mai santimita 2 a tushen ƙwaƙwalwa, inda ake sarrafa numfashi, na iya fin mai santimita 5 a wajen goshi haɗari.

Kafin ka je wurin likita, rubuta alamun da lokacin da kowace ta fara. Ciwon kai kawai da wuya ya zama ƙari. Wanda ake sa wa ido shi ne mai tsananta da asuba, mai zuwa da amai, mai ƙaruwa idan an yi tari ko an sunkuya. Haka farfaɗiyar da ta fara kama babba da bai taɓa yi ba, ko raunin hannu da ƙafa a ɓangare guda, ko harɗewar magana, ko ganin abu biyu-biyu. Ka tafi da wanda kuke zaune tare, domin sauyin hali da yawan mantuwa na kusa ne ke lura da su, ba mai ciwon ba.

Hoton da ya fi nuna ƙari shi ne MRI, tare da allurar rinin gadoliniyom a jijiya. Yakan ɗauki minti 30 zuwa 60, kuma motsi na ɓata shi. Ka faɗa tun farko idan akwai na'urar bugun zuciya ko ƙarfe a jikinka, ko ciwon ƙoda, ko juna biyu. Hoton CT, wanda ake ɗauka da hasken X-ray, ya fi sauri, amma ƙananan ƙari sukan ɓuya masa.

A nan ne mutane suka fi yin gaggawa: hoto ba ya tabbatar da irin ƙarin a kowane hali. Ƙullin tarin fuka ko taruwar mugunya na iya kama da daji a hoto. Sai an ɗebo ɗan nama an duba a ɗakin gwaji ake samun tabbaci. Likita kuma zai duba ko a ƙwaƙwalwar ya faro ko daga wani wuri ya zo, domin dajin huhu, nono, ƙoda da na fata sukan yaɗu zuwa can. Shi ya sa wani lokaci ake ƙara hoton ƙirji da ciki.

Idan sakamakon naman ya fito, nemi suna da mataki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa ƙarin ƙwaƙwalwa mataki 1 zuwa 4, kuma tsarinta na 2021 ya ƙara ba gwajin ƙwayoyin halitta nauyi, musamman sauyin wata ƙwayar halitta da ake kira IDH, wanda samunsa a giliyoma, wato ƙarin da ke tsirowa daga naman ƙwaƙwalwar kanta, ke nuna ciwon zai fi tafiya a hankali. Meninjiyoma, mai tsirowa daga fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, shi ya fi yawa cikin waɗanda ba daga wani wuri suka zo ba, ya fi kama mata, kuma galibinsa mataki 1 ne. Idan ƙarami ne bai kawo matsala ba, sau da yawa sa ido kawai ake yi da hoto lokaci-lokaci. Giliyobilastoma, wani nau'in giliyoma, mataki 4 ne, yana kutsawa cikin lafiyayyen nama, don haka tiyata ba ta kwashe shi duka. Bayan tiyata akan gasa ƙarin da hasken radiyeshon sau 30 cikin mako 6 tare da maganin temozolomid.

Tambayi likitan tiyata ko cire duka yake nufi ko ragewa, da kuma abin da za a iya rasawa, kamar magana, gani ko motsi. Sanar da shi idan kana shan asfirin ko wafarin, masu hana jini daskarewa, don ya faɗi ranar dakatarwa.

Maganin deksametazon na rage kumburin da ke kewaye da ƙarin, har mutum ya ji kamar ya warke cikin kwana biyu. Ƙarin na nan daram. Maganin na ɗaga sukari, yana hana barci, kuma yanke shi farat ɗaya haɗari ne. A hankali likita ke rage shi. Maganin farfaɗiya ma ba a tsallake shi, kuma tuƙi sai likita ya amince.

Farfaɗiyar da ta wuce minti 5, barci mai nauyi da ba a iya tashin mutum, amai ba ƙaƙƙautawa, ko sabon rashin ƙarfi a gaɓa, duk na sashen gaggawa ne, ba a jiran ranar ganin likita.